Zelofehad Da 'Ya'yansa Mata Biyar

 Darasinmu na wannan wata ya fito ne daga irin wuraren nan na Littafi Mai Tsarki da yawancinmu mukan tsallake, wato jerin sunayen kakanni: wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. In aka ba mutum irin wannan sura ya karanta a majami'a, sai harshe ya riƙa sarƙewa, yara suna ƙunshe dariya, har mai jagorar sujada ya ce ya isa haka. Amma ga mutanen Isra'ila na dā waɗannan sunaye ba abin wasa ba ne. Su ne takardar shaidar gona. Wanda sunansa yake cikin jerin, gidansa yana da rabo a ƙasar. Wanda sunansa ya faɗi kuwa, zuriyarsa ta zama baƙi a garin ubanta. Za mu ɗauki suna ɗaya daga ciki, Zelofehad, mu bi shi mu ga inda zai kai mu. Ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 26 da 27 da 36, ku sa ɗan tsinke kuma a Joshuwa sura 17, gama za mu je can.

Ƙidaya ta biyu

Shekara 40 na yawon jeji sun kusa cika. Jama'a sun sauka a filayen Mowab, a bakin Kogin Urdun, suna hangen Yariko a ƙetare. A nan ne Ubangiji ya umarci Musa da Ele'azara firist, ɗan Haruna, su ƙidaya mazaje daga mai shekara 20 zuwa sama. Wannan ita ce ƙidaya ta biyu. Ta farin an yi ta a jejin Sina'i, aka sami mutum 603,550. Ta biyun ta ba da 601,730. Jimillar ba ta yi nisa da ta dā ba, amma mutanen duk sababbi ne, gama cikin waɗanda aka ƙidaya a Sina'i ba wanda ya ragu sai Kalibu da Joshuwa. Kabilar Saminu ta faɗo daga 59,300 zuwa 22,200. Kabilar Manassa kuwa ta tashi daga 32,200 zuwa 52,700, ba kabilar da ta ƙaru kamarta. Ku riƙe wannan, domin inda baki ya yi yawa, nan ne ake ƙyashin kowace kunya ta gona.

An faɗi amfanin ƙidayar a ayoyi 52 zuwa 56. Bisa ga yawan sunayen za a raba ƙasar Kan'ana, babbar kabila ta sami babban rabo, ƙarama ta sami ƙarami, ƙuri'a kuma ta nuna wa kowa gefensa. To, tun da mazaje ake ƙidayawa, gidan da ba namiji ya tashi a tutar babu ke nan.

Da aka zo kan Manassa, mai rubutu yana ta jero iyalai. Yusufu ya haifi Manassa, Manassa ya haifi Makir, Makir ya haifi Gileyad. Daga Gileyad aka sami iyali shida, na ƙarshensu Hefer. Sai a aya 33 alƙalami ya tsaya, aka ƙara magana wadda ba a yi wa sauran ba. Aka ce Hefer yana da ɗa, Zelofehad, wanda bai haifi namiji ba sai mata, aka kuma rubuta sunayensu: Mala, Nuwa, Hogla, Milka da Tirza. Cikin wannan doguwar sura ta sunayen maza, mata kaɗan ne suka sami shiga. Akwai Sera 'yar Ashiru, akwai Yokabed da Maryamu a gidan Lawi, sai waɗannan biyar.

Shi Zelofehad kansa ba mu da kalma ko ɗaya da ta fito daga bakinsa. Bai ja runduna ba, bai yi annabci ba, ba a faɗi sunan matarsa ko inda kabarinsa yake ba. Ko a 1 Tarihi 7:15, inda aka sāke ambatonsa, abin da aka tuna da shi ke nan, mutum ne mai 'ya'ya mata. A idon tsararsa gidansa ya mutu. Duk da haka an jera sunayen 'ya'yan nan biyar har sau huɗu cikin Littafi Mai Tsarki, alhali akwai matan sarakuna da uwayen annabawa da ba mu san sunansu ba.

A ƙofar alfarwa

Sura 27 ta buɗe da su biyar ɗin sun taso. Ba su bi ta bayan gida ba, ba su aika wani baffa ya yi musu magana ba. Sun je ƙofar alfarwa ta sujada, wurin da ake yanke manyan al'amura, suka tsaya a gaban Musa, da Ele'azara, da shugabanni, da dukan taro. Duk wanda ya taɓa ganin budurwa ta shiga zauren dagaci cike da dattawa ya san nauyin wannan tsayuwa.

Ku lura da yadda suka shirya maganarsu, gama akwai koyo a ciki. Da fari suka faɗi abin da kowa zai iya shaidawa, cewa mahaifinsu ya rasu a jeji, bai bar ɗa ba. Sa'an nan suka kawar da abin da za a iya tare su da shi, suka ce ba ya cikin ƙungiyar Kora da ta tayar wa Ubangiji, mutuwarsa ta alhakin kansa ce. Me ya kawo Kora cikin zancen gādo? A sura 16 ƙasa ta haɗiye masu tawayen nan da gidajensu da dukiyarsu duka. Waɗansu masana suna ganin mai tawaye yakan rasa haƙƙin gādonsa, suna kuwa kawo misalin Nabot, wanda sai da aka ɗora masa laifin zagin Allah da sarki kafin Ahab ya mallake gonar inabinsa (1 Sarakuna 21). Saboda haka 'yan matan suka wanke mahaifinsu daga tawaye, amma ba su mai da shi waliyyi ba. Sun yarda shi mai zunubi ne kamar sauran tsararsa da suka ƙare a jeji. Gaskiyar nan da suka faɗa a kan mahaifinsu ita ta ba sauran maganarsu ƙarfi.

Daga nan suka yi tambaya, ko daidai ne sunan mutum ya shafe daga danginsa don kawai bai haifi namiji ba. Suka rufe da roƙo a fili, a ba su rabo tare da 'yan'uwan mahaifinsu. Ba kuka, ba zagi, ba dogon surutu.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ƙasar da suke neman rabo a cikinta, ba a ci ta ba tukuna. Garun Yariko yana tsaye, Kan'aniyawa suna cikin biranensu da karusansu. Shekaru 38 kafin wannan rana, a Kadesh, iyayensu maza suka ji rahoton 'yan leƙen asiri, suka ƙi shiga, suka ce matansu da 'ya'yansu za su zama ganima, har suka yi shawarar naɗa shugaba su koma Masar (sura 14). Ubangiji ya amsa musu cewa 'ya'yan nan da suke jin tsoro dominsu, su ne za su shiga. Yanzu ga 'ya'ya mata na wannan tsara suna rigimar gonar da ba su taɓa takawa ba. Mutum ba ya kai ƙara a kan abin da bai gaskata akwai shi ba. Roƙonsu shaida ce cewa sun ɗauki alkawarin Allah kamar abin da ya riga ya shiga hannu.

Bari in ɗan ratse a kan zunubin Zelofehad, domin na san a ajin nazari wani zai tambaya. Nassi bai faɗa ba. Malaman Yahudawa na dā sun yi gardama a kai, an kuma rubuta gardamar cikin Talmud. Wani babban malaminsu, Akiba, wanda ya rasu wajen shekara ta 135 bayan haihuwar Almasihu, ya ce Zelofehad shi ne mutumin nan da aka kama yana tara itace ran Asabar aka jajjefe shi (sura 15). Sai wani malami, Yahuza ɗan Batira, ya tsawata masa. Ya nuna masa cewa ko ta wane gefe ya yi laifi. In gaskiya ya faɗa, ya tona abin da Attaura ta rufe. In kuwa ba haka ba ne, ya ɓata sunan mutumin kirki. Ina ganin wannan tsawa ta dace da mu ma, mu da muke saurin neman laifin da ya sa wane bai sami ɗa namiji ba, ko laifin matarsa.

Amsar Ubangiji

Musa bai kore su ba, bai kuma ce haka muka tarar ba. Bai yi kamar ya san amsa ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji. Sau huɗu muke ganin an tsai da shari'a haka a zamanin Musa har a ji daga wurin Allah: batun wanda ya saɓi sunan Ubangiji (Littafin Firistoci 24), batun waɗanda ƙazanta ta hana su cin Idin Ƙetarewa (Ƙidaya 9), batun mai tara itacen nan, da wannan. Biyu daga ciki hukuncin masu laifi ne. Biyun kuwa mutane ne suka zo da kansu suna cewa kada a bar su a baya cikin abin da Allah ya ba jama'arsa, dukansu biyu kuma aka buɗe musu ƙofa.

Ubangiji ya ba 'ya'yan Zelofehad gaskiya, ya ce lalle a ba su gādon mahaifinsu. Bai tsaya nan ba, ya mai da abin doka ga Isra'ila duka. In mutum ya mutu ba ɗa, gādo ya bi 'yarsa. In ba 'ya, ya bi 'yan'uwansa maza. In babu su, baffanninsa. In su ma babu, sai wanda ya fi kusa da shi cikin dangi. Ku duba wurin da aka sa 'ya. Tana gaba da ƙanen mamaci da wansa, tana gaba da baffa. Ba sadaka aka ba ta ba, ba kuma aron gona ba ne wanda za a karɓe ran da aka ga dama. Haƙƙi ne.

Amma kada mu sa wa nassi abin da bai faɗa ba. Dokar nan ba ta ce a raba daidai tsakanin ɗa da 'ya ba. Inda akwai ɗa, shi ne magaji, ɗan fari ma rabo biyu yake ɗauka (Maimaitawar Shari'a 21:17). Gwauruwa ba ta cikin jerin sam. Ayuba ne muka gani ya wuce abin da doka ta nema, ya ba 'ya'yansa mata uku gādo tare da 'yan'uwansu maza bakwai (Ayuba 42:15), nassi kuwa bai zarge shi ba. Isra'ila kuma ba ita kaɗai ta san irin wannan matsala ba. A kufan wani tsohon gari mai suna Nuzi, kusa da Kirkuk a ƙasar Iraƙi, an tono alluna na yumɓu da suka nuna uba marar ɗa yakan rubuta ya mai da 'yarsa magajiya. Bambancin shi ne, a can sai uba ya ga dama ya rubuta. A Isra'ila kuwa abin ya zama umarnin Allah, ko uban ya yi wasiyya ko bai yi ba.

Nan da nan bayan wannan shari'a, cikin sura ɗaya, aka ce wa Musa ya hau dutsen Abarim ya hangi ƙasar, gama shi ba zai shiga ba. Mutumin da ya tabbatar wa marayu biyar gonarsu, shi kansa bai sami ko taki ɗaya a cikinta ba.

Dattawa sun dawo da magana

Da a ce labarin ya ƙare a sura 27, da ya yi sauƙin wa'azi. Amma a sura 36 shugabannin gidan Gileyad suka zo da tasu ƙara. Suka ce sun ji umarnin, ba su ƙi ba, amma ga abin da suke hange. In 'yan matan nan suka auri mutanen wata kabila, 'ya'yan da za su haifa na kabilar mazansu ne, gonar kuma za ta bi 'ya'yan. Ko shekara ta 50, wadda ake mayar wa kowa gonarsa da ya sayar, ba za ta dawo da ita ba, gama wannan ba sayarwa ba ce, gādo ne. Da haka rabon Manassa zai riƙa zaizayewa kamar gonar bakin rafi.

Yana da sauƙi mu ce waɗannan tsofaffi masu haɗama ne. Nassi bai ce haka ba. Musa, bisa ga umarnin Ubangiji, ya ba su gaskiya su ma, kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita ga 'yan matan a 27:7 ita ce kuma aka yi amfani da ita ga dattawan a 36:5. Ashe ana iya samun masu gaskiya biyu a shari'a ɗaya. Damuwar dattawan tana da tushe cikin Littafin Firistoci 25:23, inda Ubangiji ya hana sayar da ƙasa har abada, domin ƙasar tasa ce, Isra'ilawa baƙi ne masu zama a wurinsa. Kowace kabila amana aka ba ta. In gonaki suka riƙa gangarawa zuwa hannun kabilu masu ƙarfi, wata rana za a wayi gari waɗansu suna da fili har ba su iya nomewa, waɗansu kuwa sun zama 'yan ƙodago. Wannan ne abin da Ishaya (5:8) da Mika (2:2) suka zo suna kuka a kai daga baya.

Hukuncin da aka yanke bai ƙwace gonar daga hannun 'yan matan ba. Aka ce su auri wanda ransu yake so, sai dai ya zama daga cikin kabilar mahaifinsu. An rage musu fili, gaskiya ne, ba kuwa zan ɓoye cewa nauyin sulhun a kansu ya faɗa ba, ba a kan mazan ba. Amma kabila mai mazaje 52,700 ba ƙaramin fili ba ce, zaɓin kuma an bar shi a hannunsu, ba a hannun baffa ba. Suka auri 'ya'yan baffanninsu, gonar ta zauna a Manassa. Mun ga irin wannan aure kuma a gidan Lawi, a 1 Tarihi 23:22. Malaman Yahudawa na baya sun koyar cewa wannan iyakancewa ta tsarar da ta raba ƙasar ce kaɗai, daga baya aka ɗage ta. Da labarin auren nan Littafin Ƙidaya ya rufe. A wannan wuri ma an sāke jerin sunayen, Tirza ta dawo ta biyu, Nuwa ta koma ƙarshe, kamar ana nuna mana ba wadda ta fi wata.

Alkawari a baki, gona a hannu

Musa ya rasu. Aka haye Urdun, aka yi yaƙe-yaƙe. In muka bi lissafin Kalibu a Joshuwa 14:10, inda ya ce shekara 45 ke nan tun Kadesh, muka cire 38 na jeji, za mu ga an yi kamar shekara 7 kafin a zauna rabo. Da lokacin ya yi, ba wanda ya aika a kira 'ya'yan Zelofehad. Su ne suka sāke tashi, yanzu suna matan aure, suka tsaya a gaban Ele'azara da Joshuwa da shugabanni, suka tuna musu abin da Ubangiji ya umarci Musa. Sa'an nan aka ba su.

Joshuwa 17:5 ya ce Manassa ya sami kashi 10 a yammacin Urdun, ban da Gileyad da Bashan da suke gabas. Ku yi lissafin da kanku. Iyalan Gileyad shida ne. Biyar daga ciki, wato Abiyezer, Helek, Asriyel, Shekem da Shemida, kowanne kashi ɗaya. A madadin Hefer kuwa aka sa jikokinsa mata biyar. Biyar da biyar, goma ke nan.

Abin da ya shafe mu

A cikin kabilunmu da yawa al'ada ta ce mace ba ta gādon gona, domin ita ta gidan wani ce. Mun san yadda abin yakan kasance. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata, kafin a share makoki 'yan'uwansa sun riga sun zaga gonar. A bar wa gwauruwar 'yar gayauna a kan tsandauri, fadamar kuwa ta tafi. Masu yin haka sau da yawa masu zuwa sujada ne, waɗansu ma suna zama a kujerar dattawa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙayyadadden rabo ga 'ya a cikin shari'arsu, rabin na ɗa, in kuwa ba ɗa, 'ya ɗaya tana da rabin dukiyar, biyu ko fiye suna da kashi biyu cikin uku. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ma, a shari'ar Ukeje ta shekarar 2014, ta yanke cewa al'adar da take hana 'ya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Abin kunya ne a ce mu da muke riƙe da Littafin Ƙidaya sura 27 sai kotu ta tuna mana.

Mu kuwa muna da dalili fiye da na Musa. Bulus ya koya wa Galatiyawa cewa cikin Almasihu namiji da mace ɗaya suke, dukansu zuriyar Ibrahim ne, magada bisa ga alkawari (3:28-29). Bitrus ya gargaɗi maza su girmama matansu domin tare za su gāji alherin rai, ya ƙara da cewa rashin yin haka yana tare addu'a (1 Bitrus 3:7). Yaya za mu ce wa 'yar'uwa tana da rabo daidai da namu a Mulkin Sama, sa'an nan mu hana ta kunya goma a bayan gari?

Akwai kuma hasara ta wajen noma wadda ba a cika faɗa ba. Duk malamin gona ya san wannan. Wanda bai tabbata gona za ta zauna a hannunsa ba, ba ya kai mata taki, ba ya dasa mangwaro ko gwaiba, ba ya wahalar jera duwatsu don tare zaizaya, ba ya barin 'ya'yan gawo da ɗorawa su girma. Don me zai yi, tun da baɗi wani ne zai ci? Gwauruwar da take noma da tsoron ƙanen mijinta za ta tatsi ƙasar ne kawai shekara shekara har ta gaji. Zaluncin da aka yi wa mace, ƙasar ma tana shan rabonta.

Ban ce damuwar dangi banza ce ba. Tsoron kada gonar kakanni ta fita gida, ko ta yanyanke har ba mai iya cika rumbu da rabonsa, tsoro ne na gaske, Ubangiji ma ya saurari irinsa. Ba na kuma cewa a tilasta wa 'ya'yanmu auren dangi, wannan sharaɗi na rabon Kan'ana ne. Amma ana iya zama a yi yarjejeniya, misali 'ya ta riƙe rabonta, in kuwa wata rana za ta sayar, a fara yi wa dangi tayi. Abin da ba shi da hujja shi ne a warware damuwar dangi ta wurin korar marayu. Ku iyaye maza, musamman masu 'ya'ya mata kaɗai, ku yi wannan magana tun kuna da ƙarfi. Ku zaga iyakar gona da 'ya'yanku da 'yan'uwanku, a dasa aguwa ko gamba a inda ba alama, a rubuta wasiyya a gaban mai unguwa da dattawan ikilisiya, kowa ya sa hannu, a ajiye kofi fiye da ɗaya. Ku 'yan zumuntar mata kuma, in irin wannan ta taso, kada ku bar mace ɗaya ta je zauren ita kaɗai. Su biyar suka tafi.

Shin sunan ya shafe?

Roƙon 'yan matan shi ne kada sunan gidansu ya ɓace. Bari mu ga abin da ya faru. A shekarar 1910 masu tonon kufai daga Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙarƙashin George Reisner, suna haƙa a tsohon birnin Samariya, sai suka tarar da tsingaro masu rubutun tawada da tsohon Ibrananci, fiye da 60 daga ciki ana iya karantawa. Ba addu'o'i ba ne, ba kuma tarihi ba. Rasit ne na tulunan ruwan inabi da na man zaitun da ake kawowa birnin daga ƙauyuka, an rubuta shekarar sarautar sarki, da wurin da kayan suka fito, da sunan mai karɓa. Masana sun sa su a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, wato ɗaruruwan shekaru bayan Joshuwa. Cikin sunayen yankunan akwai Abiyezer, Helek, Shekem, Shemida da Asriyel. Akwai kuma Hogla da Nuwa. Akawun sarki, wanda ba ruwansa da wa'azi, yana rubuta sunayen 'ya'yan Zelofehad biyu a matsayin gundumomin da suke fid da mai da inabi.

Sunan Tirza ya fi su tashe. Akwai gari mai wannan suna a ƙasar Manassa, wanda ya zama mazaunin sarakunan Isra'ila ta arewa. Ba'asha ya yi mulki a can shekara 24. A can Zimri, mai sarautar kwana 7, ya ƙone fāda a kansa. Omri ya zauna a can shekara 6 kafin ya sayi tudun Samariya ya gina sabon birni (1 Sarakuna 15 da 16). Waƙar Waƙoƙi 6:4 ta gwada kyan amarya da na Tirza da na Urushalima. Yawancin masana sun yarda kufansa shi ne tudun da ake kira Tel el-Fara, arewa maso gabas da Nablus, wanda wani firist Bafaranshe, Roland de Vaux, ya haƙa tsakanin 1946 da 1960. Sai dai mu yi hankali, nassi bai ce an sa wa garin sunan 'yar Zelofehad ba, Joshuwa 12:24 ma ya lissafta sarkin Tirza cikin sarakunan Kan'ana da aka ci. Saboda haka waɗansu masana suna cewa sunayen biyar ɗin tun asali na garuruwa da yankuna ne da suka shiga cikin Manassa. Ni dai ban ga abin da zai hana duka biyu su zama gaskiya ba, gama mu ma mun san garuruwa masu sunan mutane, mun kuma san mutanen da ake kira da sunan garinsu. Tsingarorin Samariya suna nan a gidan adana kayan tarihi na Istanbul, a ƙasar Turkiyya, gama a 1910 ƙasar Falasɗinu tana ƙarƙashin mulkin Turkawa ne.